Ku Tambaya Mu Amsa: "'Yata ta bar jami'a ta nace sai wata kwaleji a Amurka"

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Zariya, ba wani mai hali ba. 'Yata ta gama sakandare bana, WAEC ɗinta ya yi kyau alhamdulillahi, JAMB ma ta ci, amma ta hana mu sakat wai ita sai wata kwaleji a Amurka mai suna Berea, wai karatu kyauta ne. Abin da ya ɗaure min kai, ga ABU nan a ƙofar gida, ta bar jami'a ta tafi kwaleji? NCE za ta samo ko difloma? Sannan ƙanina ya duba a waya ya ce ɗaliban wurin shara suke yi da noma, kuma makarantar Kirista ce. Don Allah a fahimtar da ni.
Wani uba, Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya yi wa yarinya albarka. Kalmar kwalejin nan ce ta ruɗe ku, kuma ba ku kaɗai ba. A wurinmu in an ce kwaleji, FCE ce ke faɗo wa mutum a rai ko kwalejin kiwon lafiya, wato wurin da ake zuwa in jami'a ba ta samu ba. A Amurka ba haka ba ne. Akwai ƙananan makarantu da suke kira libral ats, shekara huɗu ake yi cif, digiri na farko suke bayarwa iri ɗaya da na babbar jami'a, bambancin kawai galibinsu ba sa yin digirin digirgir, kuma ɗalibansu kaɗan ne, 1,500 zuwa 2,500 haka. Marigayi Kofi Annan a irinsu ya yi digirinsa, Macalester a jihar Minnesota, ya gama a 1961. Obama ma a Occidental ya fara kafin ya koma Columbia. Toh kun ga ba maganar NCE.

Ita Berea a jihar Kentucky take, a wani ƙaramin gari mai sunan, kuma abin da yarinyar ta faɗa gaskiya ne, tun 1892 ba su karɓar kuɗin karatu. Wani fasto mai adawa da cinikin bayi, John G. Fee, shi ya kafa ta a 1855, ya haɗa baƙaƙe da farare, maza da mata a aji ɗaya a yankin da bauta take halal a doka. A 1904 jihar ta yi doka takanas don hana wannan cakuɗawar, makarantar ta kai ƙara har kotun ƙoli ta sha kaye a 1908, sai 1950 aka sassauta dokar baƙaƙe suka dawo. Na kawo tarihin ne don ku gane irin Kiristancinta. Eh, tushenta na Kirista ne, takenta ma daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko shi, cewa Allah daga jini ɗaya ya halicci dukkan al'ummun duniya. Amma ba ta ƙarƙashin wata ɗarika, kuma ba sharaɗi ba ne sai ɗalibi ya zama Kirista.

Maganar shara, ƙaninku bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya gani. Kowane ɗalibi, ba ɗan Afirka kaɗai ba, dole ya yi aiki aƙalla awa 10 a mako, kuma ana biyansa ɗan abin da zai sayi littafi da sabulu. Wani a laburare, wani a kicin, wani a ofis, wani a gonar makaranta, wani a otal ɗinsu Boone Tavern, akwai ma masu saƙa da masu ɗaure tsintsiya ana sayarwa. In ɗalibi ya gama, banda sakamakon karatu har takardar shaidar ayyukan da ya yi ake ba shi. Ni dai a ganina wannan shi ne mafi kyawun abu a makarantar, don mun sha ganin mai digiri da bai taɓa zuwa aiki a kan lokaci ba a rayuwarsa. Abu ɗaya, gonar tasu ana kiwon alade, in aka tura ta can ta buɗe baki ta faɗi uzurinta tun ranar farko, kar ta yi kara.

Yadda ake karatun shi ne abin da zai fi ba ta mamaki. Ba a shiga da kwas kamar yadda JAMB ke ɗaura wa yaro. Shekarar farko da ta biyu za ta taɓa lissafi, tarihi, kimiyya, rubutu, wataƙila wani harshe, sai wajen ƙarshen shekara ta biyu ta zaɓi fannin da za ta ƙware. Ke kuma yarinya ki sani, aji mutum 15 ne ko 20, malami ya san sunanki ya san ranar da ba ki yi karatu ba, babu layin baya da za a laɓe. Haddar handawut ba ta fisshe ki, a ba ki shafi 60 ki karanto gobe ki zo ki yi musu da malami a kai, sannan ki rubuta ra'ayinki, kuma kwafo rubutun wani ko daga intanet ne laifi ne da yake iya kai mutum ga kora. Yaranmu masu kunya wata ukun farko suna shan wuya, ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba, don an tarbiyyantar da su cewa ja-in-ja da malami rashin kunya ne.

Yanzu ga inda zan ɗan rage mata zumuɗi. Berea masu ƙaramin ƙarfi kawai take ɗauka, ɗan mai kuɗi ko ya nema ba za a ba shi ba, wannan ya yi muku daidai. Amma yawancin gurabenta na 'yan yankin tsaunukan Appalachia ne da Kentucky, 'yan ƙasashen waje da take ɗauka a shekara ba su kai 50 ba, daga duniya gaba ɗaya fa. Don haka ta nema, amma kar ta saki gurbinta na ABU. Kuma kyautar ba ta haɗa da kuɗin jirgi ba, ga kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje a wurin gwamnatin Amurka, dala 350, ga na biza dala 185, ga ajiyar da makarantar ke nema kafin zuwa, ga rigunan sanyi. Ku zauna ku buga lissafin a naira tukuna.

Abin da ya kamata ku tambaye su a rubuce, ku da ita: ina za ta kwana, ginin mata zalla ne ko ana haɗawa, yaya ake yi da abinci lokacin azumi, akwai ɗakin salla, kuma in an yi hutun Disamba kowa ya watse ita ina za ta zauna. Garin ƙarami ne, babban birni mafi kusa Lexington ne, ƙasa da awa ɗaya a mota, a can akwai masallatai da shagunan naman halal. In kuma tsarin karatun ne ya burge ta ba Amurkan ba, jami'ar AUN ta Yola a kan irin tsarin aka gina ta, haka Ashesi a Gana wadda Patrick Awuah ya buɗe a 2002, shi ma a irin wannan kwalejin ya yi karatu, Swarthmore. Sai dai su biyun akwai kuɗi in ba tallafi aka samu ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ina aji shida a sakandare, likita nake son zama tun ina yarinya. In na samu irin waɗannan ƙananan kwalejojin zan iya karanta likitanci kai tsaye? Kuma yaushe ake cike fom?
Wata ɗaliba, Gombe

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. A'a, kuma gara ki ji yanzu. A Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare, sai kin gama digirin shekara huɗu, ki rubuta jarrabawar MCAT, ki sake yin wasu shekara huɗun a makarantar likitanci, sannan horon asibiti. Kuma makarantun likitancin da ke ɗaukar 'yan waje kaɗan ne, masu ba su tallafi sun fi ƙaranci. In zuciyarki a kan duba marasa lafiya take, MBBS na shekara shida a gida shi ne gajeren hanya, ban ɓoye miki ba. In kuma binciken magani ko kiwon lafiyar al'umma ne, to nan ƙaramar kwaleji ta yi, don babu ɗaliban digiri na uku da za su tare ɗakin gwaje-gwaje, ke malami zai jawo ku yi aikin tare.

Fom kuwa shekara guda kafin tafiya ake farawa. Karatu ƙarshen Agusta ake shiga, yawancin makarantu suna rufe karɓar takardu farkon Janairu, su ba da amsa ƙarshen Maris, ke kuma ki amsa kafin 1 ga Mayu. Akwai zagayen masu nema da wuri a Nuwamba, amma ki karanta sharaɗinsa da kyau, wani in sun ɗauke ki alƙawari ne kin yi sai kin je. Da yawansu ta Common App ake nema, wato shafin intanet da ake cike fom ɗaya a tura wa makarantu da yawa: sakamakonki daga SS1 zuwa SS3, wasiƙun malamai biyu da suka san ki da gaske, da rubutu a kan kanki da bai wuce kalma 650 ba. Wannan rubutun ki yi shi da kanki. Kar ki rubuta kina son ceto Afirka, sun gaji da karanta shi, rubuta yadda kike raka kakarki asibiti kina yi mata tafinta. Wasu suna neman jarrabawar SAT wasu ba dole, wasu jarrabawar Turanci ta TOEFL ko Duolingo. Kuɗin shekara a wuri kamar kwalejin Amherst ya haura dala 80,000, amma ita da kwalejin Bowdoin ba sa duba talaucin ɗan ƙasar waje wajen ɗauka, kuma in sun ɗauka suna cike abin da iyaye suka kasa. Yawancin sauran suna dubawa.

TAMBAYA: Wani ejan ya ce in ba shi rabin miliyan zai samo wa ɗana gurbi da sikolashif, har da biza. In bayar?
Wata uwa, Kano

AMSA: Hajiya kar ki bayar, ko sisi. Babu ejan da ke da gurbi a aljihu, kwamitin makaranta ne ke karanta takardu, biza kuma jami'in ofishin jakadanci ne ke yanke hukunci bayan makaranta ta turo takardar I-20 mai shaida cewa ta ɗauke shi, yaron da kansa zai tsaya gabansa. In ejan ya haɗa masa takardar banki ta bogi aka gane, yaron ne zai kwana a ciki ba shi ba. Dokokin ma sun yi tsauri, a Yunin 2025 an saka Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa, a Yulin shekarar aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku shiga ɗaya, don haka a duba shafin ofishin jakadancin a ga abin da ke aiki yau kafin a biya ko kuɗin jarrabawa. Shawara kuwa akwai cibiyar EducationUSA a Abuja da Legas, ta gwamnatin Amurkan ce, yaron ya fara da su. Rabin miliyan ɗin ki ajiye shi, in Allah ya sa an dace zai rage kuɗin jirgi.