Amsa ga ƙanina mai son karatun roba mai ɗaukar lantarki a Suwidin

Salam ƙanina, naga saƙonka, kace ka gama digirin kemistiri kana son zuwa nan kayi aiki kan robar da haske ke haɗawa ta riƙa ɗaukar wutar lantarki, kana tambaya ta ina zaka fara.

Toh abin ba sabo bane kamar yadda kake zato. Tun 1977 Shirakawa da Heeger da MacDiarmid suka nuna idan aka sa wa wata roba sinadarin aidin tana ɗaukar wuta, shi ya basu kyautar Nobel a 2000. Sabon abin shine amfani da haske: ƙananan ƙwayoyin da ake haɗa robar dasu suna narke a ruwa, ka haska musu fitila sai su saki ilektiron su kama juna su zama dogon zare, kuma inda hasken ya taɓa kaɗai yake fitowa, kaga ba sai ka ƙona komai ko ka zuba guba ba, shi yasa masu son liƙa na'ura a fatar mutum ko cikin jiki suke ta rububinsa. Nan garin Norrkoping, ɗakin binciken jami'ar Linkoping na su Farfesa Magnus Berggren, su ne a 2015 suka sa wayar roba ta tsiro cikin karan furen wardi.

Amma wallahi rabin aikin wankin gilashi ne. PEDOT:PSS, sinadarin robar mai ɗaukar wuta wanda kowa ke fara koyo dashi, ruwa ne shuɗi mai duhu kamar na marinar Ƙofar Mata, ka ɗiga a gilashi inji ya juya shi ya baje, ƙura ɗaya ta faɗa aikin yini ya tashi. Farfesa ba ruwansa da sunan kwas ɗinka, hannunka yake son gani, ka iya haɗa sinadari ka tace shi ka auna? Wannan zaka rubuta a takardarka ta neman gurbi dalla-dalla, ba wai "ina da sha'awa" ba.

Sai batun kuɗi. Tun 2011 wanda ba ɗan Turai ba yana biyan kuɗin mastas, kuma ba kaɗan ba, ana rufe neman gurbi tsakiyar Janairu. Shi kuwa digirin dokta aiki ne da albashi, a shafin jami'a ake tallarsa, sai dai galibi suna son mai mastas. Ni dai da nine kai mastas ɗin zanyi a gida kan wani abu na roba ko batir, sannan in nemi gurbin dokta kai tsaye. Duk ejan ɗin da yace ka bashi kuɗi ya samo maka, ka rabu dashi.

Turo min takardar sakamakonka in duba.