Shagon tako a bakin tekun San Diego: me zan ce a ba ni, me zan guje wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, watana biyu da zuwa San Diego a jihar Kalifoniya ta Amurka. Abokan karatuna sun matsa mu je unguwar Pacific Beach ranar Asabar mu ci abinci a ɗaya daga cikin ƙananan shagunan abincin Meksiko da ke kusa da teku. Ban taɓa ci ba, sunayen abincin duk da Sifaniyanci suke, kuma ina gudun naman alade da giya. Me zan saya, kuma yaya tsarin wurin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka je, kada ka fasa. Amsar a taƙaice ita ce ka nemi takon gasasshen kifi ko na jatan lande a kan fanken masara. Shi ne abin da ya fi tsira daga abin da kake gudu, kuma takon kifi ne ma abin da aka san yankin da shi. Amma ka san dalili, domin a irin wannan shago alade ba ya tsayawa a cikin nama kawai, yana shiga wake da fanke da man suya, inda baƙo ba ya zato.

Tako fanke ne siriri da ake kira tortilla, ana furta shi "tortiya", a zuba abin ci a tsakiyarsa a naɗe biyu a ci da hannu. Iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne abu na farko da za ka riƙe. Na masara, de maíz, ana dafa masarar da wani farin sinadari mai suna cal, wanda aikinsa ya yi kusa da na kanwa, a bar ta ta kwana a jiƙe, a wanke, a niƙa. Ƙullun da ya fito sunansa masa a harshensu, sunan ne kawai ya zo ɗaya da masarmu, wato waina. A bisa asali masara ce da ruwa da wannan sinadari, ba mai a ciki. Na fulawa kuwa, de harina, dole sai da mai, kuma a girkin gargajiya na arewacin Meksiko kitsen alade ake sawa. Masana'antu da yawa sun koma man tsirrai, amma ba za ka gane da ido ba. Babban naɗin nan da ake kira burrito kullum da na fulawa ake yinsa, har da wanda San Diego ke taƙama da shi, California burrito, mai gasasshen naman sa da soyayyen dankali da cuku a ciki.

Kalmar da za ta fi yi maka amfani ita ce manteca, wato kitsen alade. Kada ka rikita ta da mantequilla, man shanu, wanda ba matsala. Tambaya ɗaya ta isa: "¿Tiene manteca?", ana furta ta "tiyene manteka", ma'ana akwai kitsen alade a ciki? Ma'aikatan suna jin Turanci, amma wannan kalmar ita mai girki ya fi ganewa nan take. Ka yi tambayar a kan wake musamman. Frijoles refritos, waken da aka dama aka soya, wanda ke zuwa da shinkafa a gefen kusan kowane faranti, shi ne babban tarko, domin da manteca aka saba soya shi. Frijoles charros ana dafa shi da gutsattsarin naman alade, borrachos kuma har da giya. Wanda ya fi sauƙi shi ne de la olla, wake dafaffe da ruwa da albasa da gishiri, ko baƙin wake, su ma ka tambaya. Tamales, masu kama da alala a naɗe cikin ɓawon masara, da kitsen ake buga ƙullunsu. Shinkafar kuma yawanci da romon kaza ake dafa ta.

Naman da ke alade ne kai tsaye ba shi da wuyar haddacewa: carnitas, chorizo, chicharrón, adobada, tocino, jamón, da al pastor. Wannan na ƙarshe yana yaudarar mutanenmu sosai, saboda za ka gan shi a tsire a ƙarfe a tsaye yana juyawa gaban wuta kamar shawarma. Daga shawarmar ya samo asali, baƙi 'yan Labanan ne suka kai salon Meksiko, amma mutanen ƙasar suka musanya naman rago da na alade. Carne asada naman sa ne, pollo kaza ce, sai dai ba yankan Musulmi ba ne in ba shagon ya rubuta hakan ba, kuma malamai sun yi saɓani a kan naman kasuwar irin waɗannan ƙasashe. Wannan ka kai wa malaminka. Kifi ya raba ka da wannan tunani gaba ɗaya, domin aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka kamo daga teku, kuma a mazhabar Malikiyya jatan lande da ƙaguwa da sauran dabbobin ruwa duk sun shiga ciki.

To a nan ne kuma ake bukatar lura. Takon kifi na asali daga yankin Baja California yake, garuruwan Ensenada da San Felipe, kuma ya bazu a San Diego bayan Ralph Rubio ya buɗe shagonsa na farko a 1983 a gefen Mission Bay, dab da unguwar da za ku je. Yadda ake yinsa: a yanka farin kifi tsawon yatsa ko fiye, a tsoma a ƙullun fulawa, a soya, a ɗora kan fanken masara da yankakken kabeji, farin miya mai kauri irin na kindirmo, tumatir da albasa, da yankan lemun tsami. Matsalar ita ce ƙullun nan sau da yawa da giya ake kwaɓa shi, domin iskar da ke cikinta ce ke sa ɓawon ya kumbura ya yi ƙarau. Wasu da ruwa mai gas suke yi. Idan ka ga an rubuta Baja ko capeado, soyayye ne cikin ƙullu, sai ka tambaya "¿lleva cerveza?", wato "yeba serbesa", akwai giya? Ko an ce babu, tukunyar man da aka soya kifin na iya zama ita ce ake soya fatar alade a ciki. Shi ya sa na ce gasasshe. A allon za ka ga a la plancha ko a la parrilla. Kifin da aka fi gasawa shi ne mahi-mahi, domin tsokarsa na da ƙarfi, ba ta wargajewa a wuta.

Ko gasasshen akwai abin da ya rage. Plancha faffaɗan ƙarfe ne guda ɗaya da ake gasa komai a kansa, chorizo a wannan gefe, kifi a wancan. Ka roƙi a kankare wurin kafin a ɗora naka, ko a gasa a kasko daban. Suna yi ba tare da ɓacin rai ba, sun saba da masu cutar ƙin wasu abinci, amma ba a tsakiyar cunkoso ba. Ku je kafin sha biyun rana ko tsakanin biyu da huɗu. A cikin jatan lande kuma ka guji camarones costa azul, domin a naɗe yake da siririn naman alade duk da sunansa bai nuna ba. Taco gobernador, jatan lande da narkakken cuku da albasa, abin nema ne, sai dai ka tambayi irin fanken.

Abokanka za su iya kawo ceviche ko aguachile. Ɗanyen kifi ne ko ɗanyen jatan lande da aka jiƙa a ruwan lemun tsami. Tsamin yana sa tsokar ta yi fari ta ƙanƙame kamar an dafa, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda wuta ke yi. A shago mai tsafta da ciniki mai gudu, mai lafiya zai iya ci. Mai juna biyu, mai ciwon hanta, mai ciwon suga da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su bari, haka ma ɗanyar kawa ta teku, musamman a watannin zafi. Ni dai ba zan ba wanda bai saba ba shawarar ya fara da shi ba. Kafin ku shiga ma ka duba taga: hukumar lafiya ta gundumar San Diego na manna kati mai harafi, A na nufin shagon ya samu maki 90 zuwa 100 a bincike.

Tsarin wurin ba wuya. Ka bi layi zuwa kanta, ka faɗi abin da kake so, ka biya, a ba ka lamba, ka nemi wurin zama. Takon kifi biyu na isar mutum, uku in yunwa ta yi yawa. Ƙananan da ake kira na titi kuwa sai huɗu. Fanke biyu da za ka gani a haɗe ba kuskure ba ne, na waje yana tare na ciki idan romo ya jiƙa shi. Ka matsa lemun, ka ci da zafinsa, domin bayan minti goma fanken masara kan fara tsagewa. Farashin da ke allo ba shi ne ƙarshe ba, za a ƙara harajin saye kusan kashi 8 cikin 100. Tukuici a kanta ganin dama ne, amma idan an zaunar da ku ana kawo muku abinci, kashi 15 zuwa 20 aka saba bayarwa.

A gefe akwai teburin yaji kyauta da ƙananan kofuna. Launi ba ya nuna zafi, kore na iya fin ja. Ma'aunin zafin barkono da ake kira Scoville yana ba barkonon jalapeño maki 2,500 zuwa 8,000, serrano 10,000 zuwa 23,000, habanero kuwa 100,000 zuwa 350,000. Habanero ɗan'uwan attaruhu ne, jinsinsu ɗaya, don haka mai cin miyar gida ba zai firgita ba, amma ka ɗiga kaɗan a gefe ka ɗanɗana tukuna. Idan ya wuce kima, ruwa ba ya kwantar da shi, farin miyan nan ko fiya ne ke yi, saboda sinadarin zafin a mai yake narkewa. Ganyen cilantro da suke barbaɗawa a kan komai yana yi wa wasu ɗanɗanon sabulu. In kana cikinsu ka ce "sin cilantro".

Abin sha shi ne inda za ka ji kamar kana gida. Cikin manyan tulunan gilashi da ke kanta, jan nan mai suna jamaica, ana furta shi "hamaika", zoɓo ne tsantsa, kuma Meksiko na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake fitarwa daga Jigawa da Kano. Tamarindo ruwan tsamiya ne. Horchata fari ne kamar kunun aya, a Sifaniya ma da ayar ake yinsa, amma na Meksiko shinkafa ce da kirfa da sukari. Margarita da michelada giya ce. Tepache kuma ɓawon abarba ne da aka bari ya yi tsami, yana ɗauke da ɗan barasa, ka bar shi.

Ka tafi da riga mai ɗan kauri, domin iskar tekun Pasifik na sanyaya yamma ko da bazara, kuma a watannin Mayu da Yuni hazo kan rufe gaɓar tun safe. Idan a waje kuka zauna, kada ka bar farantinka ba kowa, tsuntsayen teku na sure abinci daga kan tebur.