Ma'anar kalmar "creepy" da inda ake amfani da ita

Ɗan'uwa, ka ce ka ji wata abokiyar karatunka ta kira wani mutum "creepy", ka fassara da "abin tsoro", kana tambaya ko daidai ne. Ka kusa, amma da saura.

Tsoro na kai tsaye, kamar kare ya biyo ka a guje, "scary" Turawa ke cewa. "Creepy" kuwa abu ne da bai taɓa ka ba, bai ma yi maka barazana ba, amma tsikar jikinka ta tashi. Daga "creep" ta samo asali, wato rarrafe ko sanɗa, kamar ka ji ƙwaro na bin fatarka a hankali. Shi ya sa suke kiran su gizo-gizo da kyankyaso "creepy-crawlies".

Ɗauki mutumin da ya zauna kusa da kai a mota, ya ƙura maka ido tun daga tasha, ba magana, sai murmushi. Bai yi laifin da za ka kai ƙara ba, amma hankalinka ya ƙi kwanciya. To shi ke nan. Haka 'yar tsana mai idon gilashi a ɗaki mai duhu (ni dai ba na kwana da ita).

Sai dai ka yi hattara, in ka jingina kalmar ga mutum zagi ce, sau da yawa ma zargi ne na bibiyar mata ko leƙe. In wuri ne, kamar kango da magariba ko kasuwar da ta yi tsit, "eerie" ta fi zama daram, ko da yake "creepy" ɗin ma tana shiga.