Amsa ga Hajiya Binta kan gwajin ICAM da VCAM

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya Binta, na ji saƙonki tun da safe, ina kan hanya ne, sai yanzu na samu zama. Kin ce ɗaya daga cikin matan da kike bibiya ta gani a waya wai akwai wasu abubuwa a jini, ICAM-1 da VCAM-1, masu hauhawa ga mai HIV, tana tambayar inda ake gwajin a nan Kaduna. To ni a nawa jin, tsoro ne ya kama ta. So take ta san ko maganin HIV da take haɗiya kullum yana aiki, ko kuwa akwai ɓarnar da ake yi mata a ciki ba ta sani ba.

Kin san 'yan kamasho a tashar Kawo ko? Kana wucewa abinka, wani ya taɓa maka hannun riga, Zariya ne, Kano ne, ka rage sauri. Kafin ka ankara wani ya riƙe jakarka gam, sai cikin mota. To haka bangon jijiyar jini yake yi wa fararen ƙwayoyin jini. Idan akwai cuta ko kumburi a wuri, bangon sai ya fito da 'yan ƙugiyoyi. Na farko, su ake kira selektin, su ne masu jan hannun riga, ƙwayar ta rage gudu tana mirginawa. Sai ICAM-1 da VCAM-1 su riƙe ta, ta kutsa ta bangon ta je inda ake faɗan. Aiki ne mai kyau fa, in babu su ko ƙurji ba zai warke da wuri ba.

Wanda ake aunawa a jini kuma guntayensu ne. Akwai sinadarai a jiki da ke datse ƙugiyoyin daga bangon, sai su bi jini suna yawo. Kamar ɗan kamashon ya bar tasha ya shiga gari... a'a, misalin ya karye a nan, bar shi. Abin dai, in guntayen sun yi yawa, alama ce bangon jijiya ba ya samun hutu.

Ga mai HIV da bai fara magani ba, e, suna hawa, wannan an daɗe da sani. Ƙwayar cutar ma wayo gare ta, idan za ta fito daga ƙwayar jikin da ta kama, takan yafo ICAM-1 a rigarta, ya ƙara mata saurin manne wa ta gaba. Idan aka fara magani, bairal lod, wato yawan ƙwayar cutar a jini, ya sauka, su ma suna sauka, musamman VCAM-1. Sai dai ga mutane da yawa ba sa komawa daidai da na wanda ba shi da cutar. Ɗan kumburi yana saura, shi ya sa ake sa ido kan ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki idan shekaru suka ja.

Amma Hajiya, don Allah kada matar nan ta kashe kuɗinta. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga su. Sikila tana ɗaga su, ciwon suga, tarin fuka, shan taba, duka. Ki ɗebi jinin mutanen Rigasa a watan Agusta, wa za ki ce HIV ce ta ɗaga masa, wa sauro? Kuma babu wata lamba da aka yi ittifaƙi a kanta da likita zai gani ya ce a canza magani. Gwajin masu bincike ne.

Ni da bakina nake faɗa, don na sha wuyarsa. Lokacin da nake digiri na biyu a kan wannan na yi aiki. Wata da watanni ina bin mutane ina roƙon jini, ina tace ruwan, ina jerawa a firiza. Kayan gwajin auna guntayen, ELISA ake ce masa, da kuɗin aljihuna na saya, har babur ɗina na sayar. Ranar wata Juma'a aka ɗauke wuta, mai kula da janareta ya kulle ɗaki ya tafi biki ƙauyensu da makulli a aljihu. Litinin na zo na tarar komai ya narke. Da na yi magana wai sai aka ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Ƙaddara! Har yau in na gan shi gaisuwa kawai ke haɗa mu. To dai, ya wuce.

Ina nake ma? Yauwa. Abin da nake tsoro shi ne ta ce tunda kumburin ba ya ƙarewa, bari ta huta da maganin. Akwai babban bincike, SMART, mutum sama da 5,000, an gwada a riƙa tsayar da magani ana komawa. A 2006 aka dakatar da shi, saboda masu tsayarwar sun fi mutuwa, kuma ciwon zuciya da ƙoda da hanta ya fi kama su. Sannan a 2023 binciken REPRIEVE ya nuna maganin rage kitsen jini, pitavastatin, ya rage manyan matsalolin zuciya da kusan kashi 35 cikin 100 ga masu HIV 'yan shekara 40 zuwa 75. Ban ce ta je kemis ta saya ba fa, likitanta ne zai duba.

Ta riƙe TLD ɗinta, wato maganin HIV ɗin da take sha, a kan lokaci, ta yi bairal lod idan ranarta ta zo. Ki tambayar min ita shekarunta, da yaushe rabonta da awon hawan jini da na suga, da ko maigidan yana shan taba a ɗaki. Ki turo min ta gefe, ba a nan ba.