Ina zan samu tafintan Sinanci zuwa Koriyanci da ya san halayyar ɗan Adam?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin halayyar ɗan Adam a Seoul. Malamar da ke duba aikina za ta zanta da matan ƙasar Sin da ke aure a Koriya ta Kudu kan ciwon damuwa, ta ce in nemo mata tafinta mai zaman kansa. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Mai jin harsunan nan biyu ba ya wuyar samu a Seoul. Unguwannin Daerim da Garibong cike suke da Koriyawan Sin, wato 'yan ƙasar Sin masu asalin Koriya, da yawansu daga yankin Yanbian na lardin Jilin, kuma sun tashi da harsunan biyu a baki. Sai dai matar da ke zargin tafintar ta san maƙwabtanta ba za ta buɗe cikinta ba, ko an rantse mata.

Ni da sashen tafinta na Jami'ar Hankuk zan fara, wanda aka kafa a 1979, ko na Jami'ar mata ta Ewha, na 1997. Duka biyun suna yaye masu Sinanci da Koriyanci, kuma da yawa cikinsu aikin kansu suke yi. Ki kuma tambayi ko mutum ya ci jarrabawar tafintan asibiti da ƙasar ke yi tun 2016, domin akwai Sinanci a ciki. Shafukan intanet na Kmong da ProZ, inda masu aikin kansu ke tallata sana'arsu, su ma suna da mutane, amma a can kowa gwani ne a bakinsa.

Shi ya sa gwaji ya fi takarda. Ki ba tafintar kalmar "airen". A bakin mutumin Sin ma'anarta miji ko matar aure. Koriyawa na da ita, tushensu ɗaya, suna cewa "aein", amma su saurayi ko budurwa suke nufi. Tafintar da ta bi kamannin kalma ta mayar da mijin baiwar Allah saurayinta ke nan, a zaman da ake maganar aure!

Sai ki tambaye ta sunan ciwon nan da ke sa mutum jin muryoyi. A Sin har yanzu "jingshen fenlie" ake cewa, wato tsagewar hankali. Koriya ta ajiye irin wannan suna a 2011 saboda tsangwama, ta koma "johyeonbyeong", daga maganar saita tsirkiyar abin kiɗa. Wadda ta kawo tsohon sunan ta daɗe rabonta da asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne tafinta mai gyara magana. A 1980 Arthur Kleinman, likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, ya duba marasa lafiya 100 a lardin Hunan na ƙasar Sin waɗanda aka ce raunin jijiya ke damunsu, ya tarar 87 ciwon damuwa ne. Mutane ciwon kai da rashin barci suke ambata, ba baƙin ciki ba. Idan matar ta ce ƙirjinta ya toshe, haka za a faɗa. Kada tafinta ta ce "tana da damuwa", kada kuma ta laƙa mata "hwabyeong", ciwon haɗiye fushi da Koriyawa suka sani. Wannan hukuncin malamarki ne.

Kafin a yi ciniki ki tabbatar da wane Sinanci matan ke ji, Mandarin ko Kantonanci. Ki nemi mace, ita ɗaya daga farkon aikin zuwa ƙarshe, ta sa hannu a takardar riƙe sirri, ta riƙa fassara da "ni" kamar ita ce mai maganar. A kuma biya ta kuɗin zaman share fage da malamarki kafin ranar farko.