Kun Tambaya, Mun Amsa: Duba Jadawalin Talabijin a Intanet

Assalamu alaikum. Ina da gidan kallon ƙwallo. A waya nake duba lokutan wasanni in rubuta a allo, amma wani lokaci jama'a su taru, in tayar da janareta, sai mu ga da sauran awa guda. Wata rana kuma mu tarar har an kusa tafiya hutun rabin lokaci. Ina matsalar take?
*Mai gidan kallo, daga Funtuwa*

Wa alaikumus salam, Malam. Kowane jadawali da ka gani a intanet an yi shi ne don ƙasa ɗaya, da kamfanin tashoshi ɗaya, da agogo ɗaya. Idan ɗaya daga cikin ukun nan bai zo daidai da naka ba, man janaretanka ne zai ƙone a banza.

Fara da agogo, don a nan aka fi tuntuɓe. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban GMT da awa ɗaya duk shekara, kuma shi ne ake rubutawa WAT. Idan ka ga CAT a gefen lokaci, agogon Afirka ta Kudu da maƙwabtanta ke nan, sai ka cire awa ɗaya. Tallace-tallacen SuperSport da yawa da ke yawo a Facebook da wannan agogon ake yin su.

Turawa kuma suna sauya agogonsu sau biyu a shekara: Lahadin ƙarshe ta watan Maris su tura shi gaba da awa ɗaya, Lahadin ƙarshe ta Oktoba su dawo da shi. Shi ya sa wasan Firimiya na ranar Asabar da ake takewa ƙarfe 3:00 a Ingila yake zuwa mana ƙarfe 3:00 a Agusta da Satumba, amma daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris sai ƙarfe 4:00. Haka wasannin dare na Gasar Zakarun Turai: ƙarfe 9:00 a lokacin hunturunsu, ƙarfe 8:00 a Satumba da yawancin Oktoba, sannan a Afrilu da Mayu. Wanda ya haddace lokaci ɗaya ya zauna a kai, sau biyu a shekara zai sha mamaki.

Ga yadda za ka yi. Buɗe shafin kamfanin da kake biya, ko manhajarsa, ka tabbatar ƙasar da aka zaɓa Najeriya ce. Irin waɗannan shafuka sukan yi hasashen inda kake daga layin intanet ɗinka, don haka idan VPN (manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake) na kunne, kashe shi tukuna. Duba saitin wayarka ma, ya kasance tana kan GMT+1. Sannan ka nemi wasan da sunan ƙungiya, ka lura da sunan tashar, ka tabbatar tana cikin tsarin da ka biya kuɗinsa, domin abin da ke kan DStv ba lallai ya kasance a GOtv ba, kuma lambobin tashoshinsu daban ne. Lura da ko an rubuta Live, wato kai tsaye, don maimaici ma yana fitowa a bincike. Kuma lokacin da ke jadawalin tasha sau da yawa na fara sharhi ne, ba na take wasa ba.

Kada ka cika allo da jadawalin mako guda ka manta da shi. Akan ɗage wasa ko a sauya masa rana, saboda haka ka sake dubawa da safiyar ranar.

Risiba muke da ita ta kyauta, muna kama tashoshin Larabawa. Idan na danna EPG a rimot, wasu tashoshin ba komai, wasu kuma lokacin da suke nunawa ba ya yin daidai. Risibar ce ta lalace?
*Wata uwargida, daga Maraɗi*

Hajiya, da wuya a ce lalacewa ce. Bayanin shirye-shirye, wato jadawalin da EPG ke nunawa, yana saukowa ne daga tauraron ɗan adam tare da hoton, kuma tashar ce ke aiko shi. Wadda ba ta aiko ba, babu risibar da za ta nuna shi, komai tsadarta. Wasu tashoshin shiri biyu kawai suke aikowa, wanda ake ciki da mai bi masa. Wasu kuma har na mako guda, amma sai kin bar risibar a kan tashar na 'yan mintoci kafin ya gama sauka.

Lokacin kuwa da agogon GMT yake saukowa, risibar ce ke ƙara bambancin. Shiga Menu, ki nemi wurin saita lokaci, ki sa GMT+1, ki kashe Summer Time. Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita kika ga agogon ya rikice, koma kan wata babbar tasha ki jira kaɗan, zai daidaita.

Ga tashar da ba ta aiko da komai, sai shafinta na intanet. Tashoshi irin su MBC sukan rubuta lokaci biyu, KSA da GMT. KSA agogon Saudiyya ne, ki cire awa 2. Idan GMT ne ki ƙara awa 1. Tashoshin Masar su ke da ɗan wuya, domin tun 2023 ƙasar ta koma sauya agogo: daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa 2, sauran watanni da awa 1. Shafukan LyngSat da KingOfSat, waɗanda masu ɗaura dish ke yawan ambata, na neman lambobin kama tasha ne a kan taurarin ɗan adam irin su Nilesat ko Badr, ba can ake duba lokacin shiri ba.

Ina bin wani fim ɗin Indiya mai dogon zango a Zee World, amma abin da na karanta a intanet ya yi gaba sosai da inda muke.
*Wata ɗaliba, daga Kumasi*

'Yar'uwa, jadawalin Indiya kika karanta. Zee World tasha ce da aka ware wa Afirka, kuma takan nuna shirin da aka daɗe da nunawa a can, sau da yawa da wani suna na Turanci. Nemi jadawalin Zee World ɗin kanta, ki kwatanta lambar zango da ta kashi. Tunda Ghana a kan GMT take, ki cire awa 1 daga WAT, awa 2 daga CAT.

Na zo karatu Amurka, na sayi talabijin da ƙaramar eriya. Duk shafin da na shiga sai ya tambaye ni wata lamba kafin ya nuna jadawali. Me ya sa?
*Wani ɗalibi, daga Houston*

Ɗan'uwa, lambar gidan waya ta unguwarku ake nema, mai alƙaluma 5, wadda suke kira ZIP. An kasa Amurka zuwa kasuwannin talabijin 210, kuma manyan kafofi irin su ABC da CBS da NBC da Fox ta tashoshin gari suke isa ga jama'a. ABC a Houston tana kan lamba 13, a New York kuma lamba 7. Labaran gari daban ne, haka wasannin ƙwallon Amurka na Lahadi da rana sukan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.

Shiga TV Guide ko TitanTV, sa lambar, sannan a jerin da zai fito ka zaɓi na eriya. Idan ka zaɓi kamfanin kebul, za ka ga ɗaruruwan tashoshin da eriyarka ba za ta kama ba, da lambobin da ba su dace da naka ba. A eriya lambobin da ɗigo suke zuwa, kamar 13.1 da 13.2, kowacce da shirinta. Idan tasha na cikin jadawali amma babu ita a talabijin ɗinka, matsar da eriyar kusa da taga ka sake binciken tashoshi.

Idan ka ga 8/7c a talla, ana nufin ƙarfe 8:00 a gabashin ƙasar, ƙarfe 7:00 a tsakiya, kuma Houston a tsakiya take. Wasan Firimiya na ƙarfe 3:00 a Ingila zai same ka ƙarfe 9:00 na safe. Sai dai Amurka na tura agogonta tun Lahadi ta biyu ta Maris, ba ta dawo da shi sai Lahadin farko ta Nuwamba, saboda haka a makonnin da suka saɓa da Ingila wasan ƙarfe 10:00 zai fara a wurinka.