Tayar zafi ko ta kowane yanayi: wacce zan sa wa motata?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da mota mai ƙarfin inji, mai ja da ƙafa huɗu, da ita nake zuwa aiki kullum, da ita nake kai yara makaranta. Ta zo da tayoyin zafi daga kamfani, yanzu sun cinye. Inda nake zaune ana yin wata uku zuwa huɗu ana sanyi, da asuba yakan sauka kusa da sifili, wani lokaci a wayi gari da ƙanƙara a kan titi. Mai sayar da taya ya ce in maimaita irin na da, wai tunda motar ƙafa huɗu ce ba abin da zai faru. Amma bara da sanyin safiya na taka birki a wani shataletale, motar ta zame da ni, ga yara a baya. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ƙara tsarewa. Idan saiti ɗaya za ka riƙe shekara duka, sayi tayar kowane yanayi, irin wadda aka yi don motoci masu gudu. Zamewar da ka ji ba laifin birki ba ne, tayar ce ta gaya maka sanyi ya fi ƙarfinta.

Robar tayar zafi an haɗa ta ne don ta yi laushi ta kama kwalta idan ta ɗumama. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas sai ta fara ƙagewa. Gwada da kanka: da asubar sanyi ka danna farcenka a kan zanen tayar, za ka ji ta kamar busasshiyar fata. Ka dawo da rana bayan ka yi tafiyar minti 20, farcen zai nutse. Idan sanyin ya kai kusan digiri 7 ƙasa da sifili, robar na iya tsagewa ma, kuma tsagin nan ba ya gyaruwa.

Sai maganar mai tayar nan, wadda kusan kullum sai wani ya zo mini da ita, kuma ta ishe ni. Ja da ƙafa huɗu yana taimaka wa mota ta tashi ne, ba ya taimaka mata ta tsaya. Kowace mota a duniya da ƙafa huɗu take birki, mai ja da gaba, mai ja da baya, duk ɗaya. Idan ka taka birki, ƙarfin injinka ya fita daga lissafi, abin da ya rage tsakaninka da motar gabanka shi ne wuri huɗu na roba, kowanne bai wuce faɗin tafin hannunka ba. In robar ta ƙage, me ƙafa huɗun za ta kama da shi?

Haɗarin ma ya fi haka. Mai motar da ke ja da baya, yana fita daga gida tayarsa za ta yi wulwul a kan santsi, ya gane titi ba lafiya, ya sassauta. Taka kuwa za ta tashi sumul ba gargaɗi, ka ɗauka komai daidai, ka kai gudun da ka saba. Ba za ka san gaskiya ba sai a kwana ko a gaban danja, lokacin da fedar birki ta fara karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, motar kuma tana ci gaba da tafiya. Karkarwar nan ABS ce ke aiki, tana saki tana kamawa don kada taya ta kulle. Ita da na'urar hana zamewa rabon riƙon da ke akwai kawai suke yi, ba sa ƙirƙiro wanda babu. Duk wanda ya ce maka kwamfutar mota za ta rufe wa taya asiri, ko bai san aikin ba, ko yana neman ya rabu da kayan da ke hannunsa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ana faɗa wa magidanci wannan magana, an kuma ga kujerar yaro a bayan motarsa.

Ba ina kushe tayar zafi ba ne. A lokacin ɗumi ta fi ta kowane yanayi riƙo, a busasshiyar kwalta da ma cikin ruwan sama, saɓanin abin da mutane ke zato. Sitiyari ya fi amsawa da ita, birki ya fi gajarta. Idan ka koma ta kowane yanayi za ka rasa wani abu daga wannan, amma a zirga-zirgar gida da ofis da wuya ka kai iyakar da za ka ji bambancin. Tayar kowane yanayi kuma ta fi tsawon kwana: lambar juriyar zane ta Michelin Pilot Sport 4S, wadda tayar zafi ce, 300 ce, ta Pilot Sport All Season 4, tayar kowane yanayi, kuwa 540.

Idan ƙanƙarar garinku tana kwana ta wuni a titi, tambarin M+S (na laka da ƙanƙara) da ke jikin taya kaɗai bai isa ba. Nemi mai hoton dutse mai kololuwa uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. In kana da wurin ajiya da hali, abin da ya fi shi ne saiti biyu a kan rim daban-daban, na zafi da na hunturu, ka sauya idan asuba ta fara sauka ƙasa da digiri 7.

Kowacce ka zaɓa, sa huɗun iri ɗaya, kada ka gauraya biyu da biyu, musamman a mota irin taka. Duba takardar da ke jikin ƙofar direba don girma da yawan iska, kada kuma ka sauka ƙasa da harafin gudun da kamfani ya sa: W kilomita 270 ne a awa, Y kuma 300. Kafin sababbin su iso, bar tazara mai yawa da safe, ka fara taka birki tun daga nesa.